Gyara Ko Furfure

A tsakar gidanmu da ke Umbadda, jikin katangar yamma, akwai wata mota da ta shekara biyu da rabi zaune a kan bulo. Ba inji, ba taya, gilashin gaba ya tsage daga sama har ƙasa. Da na dawo gida a watan Yulin 2025, ita kaɗai na tarar a inda na bar ta. An ɓalle ƙofofin ɗakuna, an zare wayar lantarki daga jikin bango, har famfon tsakar gida an kwance, amma ita tana nan, ƙura ta rufe ta, wata kyanwa ta haihu a mazaunin direba.

Toyota Land Cruiser ce a-kori-kura, ƙirar 1993. A Sudan ba mai kiran ta da wannan dogon suna, "tacar" ake ce wa irinta. An ce sunan Margaret Thatcher ta ci, tsohuwar firaministar Birtaniya, saboda taurin kai. Ƙanwarta Hilux kuwa "boksi" ce. Tsakanin waɗannan biyun na yi wata huɗu ina kai-kawo a farkon 2023, kuma labarin wannan kai-kawon nake so in ba ku.

Ga wanda bai san wurin ba, Umbadda ita ce yammacin Omdurman, inda birni ke ƙarewa sahara ta fara. A nan Suƙ Libya take, babbar kasuwar sari. Gaba kaɗan ga Kandahar inda ake gasa naman raƙumi da na rago, ga kuma Muwailih, kasuwar dabbobi da garkunan Kordofan da Darfur ke sauka. Mu Hausawan nan, da mutanen ƙasa ke haɗa mu da Fulani da Barebari su ce mana Fallata, yawancinmu jikokin maniyyata ne. Kakana da ƙafa ya baro ƙasar Haɗeja da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a Jazira, ya tsaya tsinkar auduga da cewa baɗi zai wuce. A nan aka binne shi. Baba ya fara da yaron mota a manyan loroli, ya zama direba, sai a 2001 ya sayi wannan tacar ta hannu a wajen gwanjon wata ƙungiyar agaji. Da ita ya gina gidan nan, da ita ya aurar da mu huɗu.

Aikinta ɗaya ne tun daga lokacin. A ɗauki sukari da ganyen shayi da sabulu da man girki da batir daga Suƙ Libya, a bi kasuwannin ƙauye na Arewacin Kordofan, wajen Jabrat al-Shaikh da abin da ke bayanta, a dawo da tumaki ko soɓorodo ko 'ya'yan guna, gwargwadon lokaci. Hanyar da muke bi ba hanya ba ce, sawu ne a kan yashi. Kafin ka shiga tudun rairayi sai ka sauka ka rage iskar taya, ka murɗa makullan ƙafafun gaba da hannu, ka ja ƙaramin giyan da muke kira dabal, sannan ka yi bisimilla. Baba ya koya mini wannan ina ɗan shekara ashirin, da ranƙwashi. Da ya rasu a 2016 sitiyari ya dawo hannuna, amma mota ba tawa ba ce. Gado ce da ba a raba ba, Inna na da tumuninta, ni da ƙanena da ƙannena mata biyu kowa da rabonsa. Duk wata in na dawo, a gaban Inna ake kasa abin da ta samo.

A sanyin ƙarshen 2022 ta fara nuna tsufa. Da asuba sai an yi ta lallashi kafin ta tashi, hayaƙinta ya koma shuɗi, baƙin mai kuma ta riƙa sha kamar mai ƙishirwa, kowace tafiya sai na ƙara galan. Tudun da take haurawa da giya biyu ya koma sai da ɗaya. Na yi ta kawar da kai har ran da ta yi zafi ta mutu mana a wani fili da ba ko inuwar ƙaya, tafiyar rabin yini daga kwalta. Mu biyar ne, har da wata tsohuwa da ake kaiwa asibiti Omdurman. Kwana biyu muka yi a wurin. Ruwan da ya rage a jarka sai da muka zaɓa tsakanin lagireto da bakinmu. Wani makiyayi mai raƙumi ne ya kai saƙo aka zo aka ja mu. Tsohuwar ba ta ce mini komai ba, sai salati take yi, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na kai ta wurin Usta. Haka muke kiran babban makanike a nan. Namu Bahaushe ne ɗan Mayurno, garin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu, kuma tun zamanin Baba shi ke taɓa motar. Garejinsa na unguwar masana'antu ta Omdurman. Ya ɗora tafin hannu a kan inji tana aiki, ya buɗe murfin baƙin mai ya ga tururi na fita, ya ce, "Ɗan Malam, tsohuwa amra take so." Amra ita ce a sauke inji a wargaza shi, a sa sabbin ringi da fistin da gaskit, a gyara famfon mai da nozul. A rubutun Larabci haruffanta ɗaya ne da Umra, shi ya sa Baba kan yi wasa ya ce motarsa ta yi Umra sau biyu shi ko sau ɗaya bai yi ba. Wannan ce za ta zama ta uku.

Usta bai ɓoye mini ra'ayinsa ba. Injin da ke cikinta, wanda ake kira 1HZ, silinda shida ne, lita 4.2, ba turbo, ba kwamfuta. Famfon mansa na ƙarfe ne zalla. Man dizal ɗin da muke saye a jarkoki a ƙauye, mai ruwa da ƙura, shi wannan injin zai haɗiye ya yi tari ya wuce. Injinan zamani kuwa jarka ɗaya marar kyau ta isa ta kashe nozul huɗu, kuma ba a gyara su a gindin bishiya, sai an nemo mai na'ura. Ya ce in dai shasi lafiya yake, sauran duk kayan sayarwa ne.

Ƙanena ya ga abin daban, kuma shi ma ba shirme yake faɗa ba. Ya ja ni zuwa Kirin, kasuwar motoci ta Bahri, inda wani dillali ya ajiye masa boksi ƙirar 2014, fara, mai gida biyu, mai na'urar sanyi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda aka yi wa tsohuwarmu caa. Masu haƙar zinariya na arewa suna neman tacar ko a wane hali take, don haka tayin da aka yi mata ya fi abin da na zata. Furfure aka kawo shawara, mu ba da tamu, mu yi ciko, mu tafi da boksi a ranar. Cikon ya kusa ninki uku na kuɗin amra. Dillalin ya kuma raɗa mana cewa in ciko ya yi nauyi akwai "boko". Kada ɗan Nijeriya ya firgita, haka ake kiran motocin da ake shigowa da su ta Darfur ba takardun kwastan, Boko Haram ko boko a taƙaice. Arha gare su, amma tun da gwamnati ta yi shelar karɓe makamai da motoci marasa takarda a 2017, mai irinta ba ya barci da ido biyu. Wannan ko sauraro ban yi ba.

Hujjojin ƙanena su ne waɗannan. Tun da aka kwalta titin Omdurman zuwa Bara, fiye da rabin tafiyarmu a kan kwalta take, kuma a kan kwalta tacar jaka ce mai cin hatsin doki. Da man dizal na da tallafi ba wanda ya damu, amma a watan Yunin 2021 gwamnati ta janye tallafin gaba ɗaya, kuma a Fabrairun shekarar an riga an karya darajar fam daga 55 zuwa kusan 375 a dala ɗaya. Kuɗin mai ya zama shi ne babban abokin tarayyarmu, yana ɗaukar rabonsa kafin na Inna. Boksi na cin ƙasa da haka nesa ba kusa ba, tana ɗaukar fasinja huɗu a ciki waɗanda za su biya kuɗin sanyi. Sannan ya ce tacar motar yaƙi ce. Tun yaƙin Cadi da Libiya na 1987, wanda har Turawa suka sa wa suna yaƙin Toyota, irinta ake ɗora wa bindiga. A kowane shingen bincike mu ake tsayarwa a yi ta juya takardu, boksi na wucewa.

Na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta na raba shafi biyu. Dare nawa na yi a kansa ban ƙirga ba. Lissafi a Sudan yana da nasa ciwon kai, don har yau mutane na ƙirge da tsohon kuɗi, a ce miliyan ana nufin dubu, sai ka tambayi mutum sau biyu kafin ka san abin da ya taya. Ga shi fam na zubewa, dala ta kai wajen 600 a lokacin, farashin da Usta ya faɗa ran Asabar ba shi ne na Alhamis ba. Abu ɗaya kowa ya yarda da shi, kada a sayar a riƙe kuɗi a hannu ko na mako guda. Mota a wurinmu ita ce asusu.

Duk yadda na juya lissafin, in aka ɗauka kwalta za ta ci gaba da miƙewa kuma mai zai ci gaba da tsada, boksi ke cin nasara a cikin shekara biyu zuwa uku. In aka ɗauka kuma ribarmu tana can ƙarshen yashi, a kasuwannin da boksi mai kaya ba ta iya shiga da damina, inda ni kaɗai ke kai sukari kuma ba mai karya mini farashi, to tacar ce. Na lura duk daren da na kwana da kewar Baba sai alƙalamina ya karkata gefe guda.

Aka yi zaman gida bayan isha'i, a kan tabarma kusa da motar. Maiɗakina, wadda ba ta da gado a ciki, ita ta yi tambayar da ba ta cikin littafina. Ta ce, "Baban yara, wacce ce a cikinsu za ta fi dawo da kai gida ran da ka ce za ka dawo?" Na ce wadda Usta ya sani ciki da waje. Ƙanena ya yi tsaki, abin da bai taɓa yi a gabana ba, ya ce, "Yaya, kai ba lissafi kake yi ba, zaman makoki kake yi. Shekara bakwai ke nan." Ƙannena mata suka sunkuyar da kai. Cikon da ake magana, sai an sayar da filin da Baba ya bari a Dar es Salam, can bayan Umbadda, kuma wannan filin shi ne abin da su biyun ke gani a matsayin nasu.

Inna ba ta kiran sunana, ɗan fari ne ni. Ta dubi wajen da nake ta ce, "Kai wannan, kai ke shiga dajin. In ka ce gyara, a gyara. Amma kada ka ce don mahaifinku ne, shi da yana nan da tuni ya sayar, bai taɓa son ƙarfe ba, ku yake so." Na ce gyara. Har yau ban iya rantsuwa a kan wane dalili ne ya fi nauyi a bakina a daren ba.

Muka tsayar da goman ƙarshe na azumi, lokacin da dama ba na fita. Garejin Usta a cike yake, don haka yaransa suka zo gida da ƙarfe uku da sarƙa suka ɗaga injin, aka ɗora shi a wata ƙaramar mota aka kai masa, gangar jikin ta zauna a tsakar gida. Na biya kuɗin kayan gyara lakadan. Ya ce mako ɗaya bayan Sallah in zo in ji muryar amarya.

Ran Asabar 15 ga Afrilu 2023, ashirin da huɗu ga azumi, da hantsi muka fara jin ƙara daga wajen Khartoum. Yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Ba zan ba da labarinsa a nan ba, waɗanda suka fi ni rasa abubuwa sun ba da. Abin da ya shafi maganata shi ne, a makonnin farko ba abin da masu bindiga ke nema kamar mota mai ƙafa huɗu. Wani maƙwabcinmu da ya yi furfure a watan Janairu, wanda ƙanena ke ba ni misali da shi kullum, a ƙofar gidansa aka sauke shi daga boksinsa da bakin bindiga. Mu ma sau biyu aka shigo mana. Na farko wasu samari ne uku, suka hango tacar ta saman katanga, suka buge ƙofa. Ɗaya ya ce in kawo makulli, na miƙa masa. Ya murɗa, shiru. Ya sauko ya ɗaga murfin gaba ya ga rami, har ana hango ƙasa. Abokansa suka fashe da dariya, shi kuwa ya daki gilashi da gindin bindiga. Tsagar da na faɗa a farko ke nan.

A ranar mutanen layinmu suka yi ta cewa Allah ya so ni, na yi dabara. Ni ma na fara yarda. Sai ruwa ya ɗauke, asibitoci suka rufe, maganin sukarin Inna ya ƙare, ya zama dole a fita, kuma ga mu da mota a tsakar gida wadda za ta iya ratsa sahara har Dongola ba tare da ta taka kwalta ba, amma ko ƙofar gida ba za ta kai ba. Unguwar masana'antu ba ta shiguwa. Wani maƙwabcin, shi ma mai boksi, tun kwana na biyu ya kwashi iyalinsa da asuba ya fice, kuma har yau da ita yake ci da su a Gadarif. Mu sai a watan Yuni muka samu wuri a bayan wata lori, da kuɗin warwaron maiɗakina. Kafin mu fita na kwance tayoyin da batir na kulle a ɗaki, na ɗora ta a kan bulo. Kwana huɗu muka yi ta hanyar Duwem da Madani kafin mu isa Gadarif wurin dangi, Inna na zaune a kan buhu cikin rana. A dare na biyu ƙanena ya ce, ba da ƙarfi ba, "Da boksi ce da tuni mun isa." Na ce ko kuma da tuni an karɓe ta. Ba wanda ya ƙara magana.

Inna ta rasu a Gadarif da daminar 2024. Ciwon ya daɗe a jikinta tun kafin yaƙi, kuma likitan da ya duba ta bai ce tafiyar ce ba. Ƙanena bai taɓa cewa tafiyar ce ba. Ni kuma ban taɓa tambayarsa abin da yake tunani ba.

Sojoji sun karɓe Suƙ Libya a ƙarshen Maris 2025, a watan Mayu aka ce jihar Khartoum ta dawo hannunsu, mutane suka fara dawowa kaɗan-kaɗan. Washegarin isowata na tafi garejin Usta da ƙafa. Rufin kwano babu, ƙofa babu. Na ga tabon baƙin mai a kan siminti a kusurwar da aka ajiye injinmu. Wa ya ɗauka, Allah masani. Tayoyin da na kulle a ɗaki su ma sun bi.

To ga ni yanzu da tambayar da na zata na amsa. Wani mai sayen gangar jiki ya zo sau biyu, yana kai su wuraren zinariya a sa musu inji, tayinsa zai isa a sayi raksha mai ɗaukar kaya, irin keken nan mai ƙafa uku, a sa ƙofofi a ɗakuna, har a samu ɗan saura. A Umbaddan yau raksha mai jigilar ruwa da gawayi ta fi kowace mota kawo kuɗin cefane. Inji na hannu kuwa sai an nemo daga Port Sudan, da dalar da ta haura 2,000 tun tuni. Ko an samu, ina za ta? Hanyar Bara fagen daga ce, kasuwannin da nake kai wa sukari ban san ko suna ci ba, kuma farar hula a cikin tacar yau tambayoyin da zai sha a shinge sun ninka na da. In na sake buɗe littafin nan, shafi ɗaya ne zai cika.

Wanda ya hana ni sallamawa shi ne ƙanena. Yana can Gadarif yana tuƙa motar wani. Da na faɗa masa tayin a waya sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, kada ka sayar. Ita kaɗai ta rage da Inna ta taɓa jingina a jikinta." Na ce ai kai ka ce zaman makoki nake yi. Ya ce ya sani.

Usta yana raye, yana Masar wurin ɗansa. Na same shi a WhatsApp, na ba shi haƙurin garejinsa, shi kuma ya ba ni haƙurin injina, kowa na cewa ba komai. Da na gaya masa halin da ake ciki sai muryarsa ta canza ta koma ta gareji. Ya ce damina uku ta yi a waje, kuma ruwa kan kwanta a tsakar gidanmu, don haka kafin in saurari mai saye ko ƙanena, in fara sanin abin da nake da shi. In samu guduma in shiga ƙarƙashinta, in bi shasin daga gaba zuwa baya ina ƙwanƙwasawa, musamman wajen da sifirin na baya ke kamawa. Ƙarfe mai rai ƙara yake yi, wanda tsatsa ta ci daga ciki kuwa amsawa yake kamar tukunyar da ta tsage.

Jiya da safe na kori kyanwar da 'ya'yanta, na shimfiɗa buhu na kwanta. Na ajiye waya a kan ƙirjina tana ɗauka, na bi ɓangaren dama taku-taku, na dawo ta hagu. A kunnena duk ƙara ce, sai wuri ɗaya a baya wajen hagu da ban tabbata ba, na buga shi sau uku. Minti shida ne saƙon. Na tura masa, alama ta nuna ya saurara tun azahar, bai amsa ba tukuna. Mai sayen ya ce zai dawo ran Alhamis.